Kwandon Dahuwa: Tukunyar da ke Nuna Bayan an Kashe Wuta

Duk wanda ya taɓa kwana a Gidan Sori cikin watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya zauna, ya san irin hayaƙin da ke tashi daga bayan danga da hantsi. Fari ne, mai yaji, yana sa hawaye. Ba na itace ba ne, na kara ne da busasshen kashin shanu. A wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, karan da aka tara bayan girbi ya kusa ƙarewa, dabbobi kuma suna jiran rabonsu a cikinsa. Uwargida ta ɗora wake tun da safe, ga ta nan durƙushe bakin murhu tana iza wuta, don kara ba ya jimawa: da ya kama sai ya cinye. Wake kuwa ba ya jin lallashi. Sai ya share awa biyu ko uku bisa wuta kafin ya yi laushi, kuma a cikin waɗannan awoyi mai dahuwa ba ta da ikon zuwa rijiya, balle gamanarta da ke jiran shara.

Gidan Sori ƙaramar hukuma ce ta karkara cikin gundumar Gidan Rumji, yamma da birnin Maraɗi, ba nisa da Tsibiri da iyakar Najeriya. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, mai yawan jama'a, inda gona ta haɗu da gona har babu sauran saura. Abin da ke damun matanta wajen makamashi shi ne ke damun matan Agye da Gazawa, da ma na ƙasar nan gaba ɗaya, inda fiye da gida 9 cikin 10 da itace ko danginsa suke dahuwa. Akwai kuwa wata dubara mai araha wadda ke rage wannan wahala ƙwarai, ga abincin da ke daɗewa bisa wuta. Da Faransanci ana ce mata « marmite norvégienne », watau tukunyar mutanen Norwe. A nan za a kira ta kwandon dahuwa.

Abin da aka riga aka yi

Maganar itace ba sabuwa ba ce a wannan jaha. A Maraɗi ne aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada cikin watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, shekarar da fari ya yi ɓarna mai yawa. A cikin shekarun nan ne aka bazu da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, da murhun laka da ake kira Albarka, don su tsare wuta daga iska, su tattara ta ƙarƙashin tukunya. A 1992 aka yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara, ta ba mutanen ƙauye hannu cikin kula da dazuzzuka irin na Baban Rafi, wanda ya daɗe yana ciyar da murahun birnin Maraɗi.

Sa'an nan ga sassaben zamani, wanda ya faro a wannan jaha wajen 1983. Manomi ya daina tumɓuke kututture. Sai ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi na sabara ko kalgo ko gawo, ya datse sauran, ya bar su su girma cikin gona. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan aiki, har baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa gani. Masana sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 ne suka farfaɗo bisa fili mai faɗin eka ta zamani, watau hekta, miliyan 5 a kudancin ƙasar nan. Rassan da ake datsewa kowace shekara sun sauƙaƙa wa mata da yawa tafiyar daji.

To, duk waɗannan ayyuka ne na ƙwarai. Amma mai karatu ya lura da abu guda: wasunsu suna ƙara itace, wasunsu suna rage abin da murhu ke ci cikin awa ɗaya. Babu wanda ya taɓa yawan awoyin kansu. Wake mai cin awa uku bisa duwatsu uku, awa uku ɗin nan zai ci bisa Mai Sauƙi, kuma mace tana nan zaune tana gadi. Nan ne kwandon dahuwa ya sha bamban.

Zafi ne ke dahuwa, ba harshen wuta ba

Ruwa yana tafasa a digiri 100. In ya kai nan ba ya ƙara zafi, ko da an tura masa itacen gari duka. Wutar da ake ƙarawa bayan tafasa, tururi kawai take haifarwa, tururin kuma ya tashi da zafin ya bi iska. Lissafin masana ya nuna cewa zafin da ake bukata don lita 1 ta ruwa ta ƙone ta zama tururi ya ninka kusan sau 7 wanda ake bukata don a kai ta ga tafasa. Watau duk sa'ad da uwargida ta ɗaga murfi ta ga ruwa ya tsotse, ta ƙara wani, itace mai yawa ne ya tafi a banza. Ban da wannan, murhu mai duwatsu uku da ke fili, abin da yake isarwa ga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba. Saura yana dumama iska da ƙafafun mai dahuwa.

Alhali kuwa abinci ba ya bukatar digiri 100 kafin ya nuna. Garin da ke cikin ƙwayar shinkafa ko gero yana kumbura ya dahu tun daga wajen digiri 70. Jijiyar nama mai tauri tana narkewa sannu a hankali a digiri 80, in an ba ta lokaci. Saboda haka in tukunya ta tafasa sosai, aka sauke ta, aka hana zafin da ke cikinta fita, to abinci zai ci gaba da nuna da kansa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ba su ce sai ya ƙare itacen daji ba.

Ko a gida ma an san wannan, suna ne kawai ba a ba shi ba. Mace takan janye itace ta bar shinkafa ta turara bisa garwashi. Yara sukan binne dankali cikin toka mai zafi su dawo su tarar ya nuna. Kular da ake kai wa ma'aikaci abinci, da tarmus na mai shayi, duk aikinsu tsare zafi ne. Kwandon dahuwa kula ce babba wadda ake sa tukunya kanta a ciki, tana cikin tafasa.

Mutanen arewacin Turai, masu fama da sanyi da tsadar makamashi, sun daɗe suna sa tukunya cikin akwati cike da busasshiyar ciyawa. An nuna irin wannan akwati a babban baje kolin birnin Paris na 1867, kuma ya taimaki gidaje da yawa lokacin yaƙe-yaƙen duniya biyu, sa'ad da gawayi ya yi wuya. A 2008, da wutar lantarki ta riƙa ɗaukewa a Afirka ta Kudu, wata mata mai suna Sarah Collins ta ɗinka shi da yadi kamar jaka, ta sa masa suna Wonderbag, ya bazu cikin ƙasashe da dama. A Kenya mata suna saƙa shi da kwando.

Ta lantarki, ga masu lantarki

Ma'aikatan da ke zaune a birni wataƙila sun ga wata tukunya ta lantarki mai dahuwa sannu-sannu, cikin kanti ko cikin kayan gwanjo. Tangaran ce mai kauri cikin gida na ƙarfe, da murfin gilashi. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya sami takardar mallakar ƙirarta a 1940. Daga bakin mahaifiyarsa ya ji yadda a garinsu na asali, cikin ƙasar Lituwaniya, ake kai tukunyar wake da nama gidan mai burodi da yamma, a sa ta cikin tanderun da ke hucewa, ta kwana tana nuna. A 1971 kamfanin Rival ya fitar da ita kasuwa da sunan Crock-Pot, ta samu karɓuwa wajen matan Amurka masu fita aiki: a zuba kayan miya da safe, a dawo da yamma a tarar da abinci.

Ba ta cin wuta da yawa. Mai ƙarfin wat 200, in ta yi awa 8 tana aiki, kilowat 1,6 ke nan a kan kwantar. Ba ta ƙona abinci, kuma nama mai arha yakan yi laushi a cikinta kamar mai tsada. Sai dai tana da sharaɗi mai wuya: wuta kada ta yanke. Ita ba ta fara da tafasa ba, sannu take hawa, don haka in wuta ta ɗauke da hantsi babu kowa gida, nama zai wuni cikin ɗumi, ya lalace. Jahar Maraɗi kuwa ta daɗe tana samun yawancin lantarkinta daga Najeriya, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba a manta da watannin da layin ya yi shiru daga Agusta 2023 ba. Wanda zai saya kuma ya duba gindinta da kyau: wadda aka ƙera don Amurka ta bolt 110 ce, ta ƙasar nan kuwa 220, da an jona ta sai ta ƙone. Ga ƙauyukan Gidan Sori, inda fitilar hannu da ƙaramin faifan rana suke haskaka yawancin gidaje, wannan tukunya labari ce kawai. Kwando shi ne nasu.

Yadda ake haɗa shi

Ba a bukatar komai daga waje. A samu kwando na kaba ko na geza, mai zurfi, wanda in an sa tukunyar gidan a ciki za a sami sarari na kamar faɗin tafin hannu, wajen santimita 10, ta kowane gefe da ƙasa. Wannan sarari ne za a cika da abin da ke tsare zafi: audugar rimi, ko auduga, ko ƙaiƙayin gero, ko ɓawon gyaɗa, ko tsummokaran da aka yayyanka. Abin da ake nema shi ne abu busasshe, mara nauyi, mai riƙe iska a tsakaninsa, don iskar da ba ta motsi ita ce ke hana zafi wucewa. Kada a danna shi ya yi tauri kamar dutse, kada kuma a bar shi sako-sako. Sai a lulluɓe shi da tsohon zane na auduga, a ɗinke, a bar gurbi daidai jikin tukunya. Daga nan a ɗinka matashi mai kauri da zai rufe bakin kwandon ruf, don zafi ta sama ya fi gudu.

Wadda ba ta da kwando tana iya amfani da kwali mai ƙarfi, ko tsohon daro, ko ta haƙa rami a busasshen lungu na ɗaki ta shimfiɗa ƙaiƙayi. Yadin roba da leda ba su da wuri a ciki, don gindin tukunya zai narkar da su.

Tukunya ita ma tana da magana. Mai kauri, irin wadda maƙera ke zubawa, ta fi, kuma lalle murfinta ya zauna daram. Faifai ba ya rufe tururi. Sa'an nan a cika ta kusan baki: tukunya babba da abinci kaɗan a gindi, da wuri take hucewa. Wannan ya sa dubarar ta fi dacewa da babban gida, inda ake dafa tiya guda ko fiye, a kan gidan ango da amarya.

Ga yadda aikin yake. A jiƙa wake tun da dare. Da safe a ɗora shi, in ya tafasa a bar shi yana tafasa sosai minti 15 zuwa 20, da gishiri da duk abin da za a sa, don ba za a sake buɗewa ba. A sauke da murfinsa a rufe, a duba gindin tukunya kada garwashi ya manne, a sa cikin gurbi, a danna matashi. Bayan awa 3 ko 4 wake ya nuna. Shinkafa tafasar minti 5 ta ishe ta, da awa 1 ko ɗaya da rabi cikin kwando. Nama mai ƙashi, ko kai da ƙafa, a ba shi rabin awa bisa wuta, da awa 4 a ciki. Gurjiya, wadda ta fi wake taurin kai, in ba ta yi ba sai a sake tafasa ta ƴan mintoci a mayar. Ruwa kuwa a rage shi da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, tun da ba ya ƙonewa. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne leƙe. Kowane ɗaga murfi zafi ne ya fita wanda ba ya dawowa.

Abin da gida ke samu

Ribar farko a bayyane take: wutar minti 20 maimakon ta awa biyu ko uku. Wannan ba ya bukatar malami ya lissafa. Amma a Gidan Sori ribar ba ta tsaya bakin murhu ba. Karan da ba a ƙona ba yana iya zama cikin gona, ya tare ƙasar da iskar bazara ke kwashewa, gara ta ci shi ta mayar da shi taki. Kashin shanun da ba a ƙona ba ya koma inda ya fi amfani. Manomin da ke kukan gonarsa ta gaji, ya kamata ya tambayi kansa nawa ne daga cikin abincin gonar ke tashi hayaƙi a tsakar gidansa.

Ta biyu ita ce lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin dahuwa cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3,2 a duniya cikin shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Jaririn da ke goye yana shaƙar abin da uwarsa ke shaƙa, da huhun da bai yi ƙwari ba. Ga kuma ƙuna: tukunyar da ke cikin kwando ba ta kifewa kan mai rarrafe. Akwai wata riba ƙarama da ba a cika lura da ita ba. Don wake ya yi saurin nuna ne ake zuba masa kanwa da yawa, kanwa kuwa tana lalata wani sinadari mai amfani da ke cikinsa, bitamin B1. Waken da aka jiƙa, aka ba shi lokacinsa cikin kwando, kanwa kaɗan ta ishe shi, ko ma babu.

Ta uku, wadda mata za su fi ambata, ita ce lokaci. Abincin da ke cikin kwando ba ya ƙonewa, ba ya kamu, ba ya bukatar mai gadi. Da damina ana iya tafasa shi da asuba, a ɗora kwandon bisa amalanke, ya ƙarasa nuna a gindin gawo, masu noma su ci da zafinsa. Yarinyar da ake tsarewa gida don iza wuta tana iya zuwa lakkwal. Uwar kuma ta sami zuwa gamanarta, ko awon ciki, ko ajin yaƙi da jahilci, wanda sau da yawa ba ƙiyayya ke hana mata zuwansa ba, tukunya ce.

Inda ba ya aiki, da inda ake taka-tsantsan

Kada a yaudari kowa: kwando ba ya tuƙa tuwo. Tuwo yana son muciya da wuta a ƙarƙashinsa, ƙosai yana son mai mai zafi, dambu yana son tururi mai tashi, ɗanwake yana son ruwa mai tafasa. Tun da tuwo ne abincin dare a yawancin gidaje, murhu yana nan daram. Abin da kwando zai ɗauke masa shi ne wake, da shinkafa da wake, da dafa-duka, da gurjiya, da dankali, da romo, da naman miya. Yana kuma ajiye ruwan zafi na alwalar asuba lokacin hunturu, ko na wankan mai jego. Rogo mai ɗaci kada a sa shi, don gubarsa tana bukatar jiƙo da tafasa a buɗe.

Babban abin kiyayewa shi ne hucewa. Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa cikin abincin da zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60, shinkafa da nama kuwa sun fi saurin kamuwa. Gidan ƙauye ba shi da ma'aunin zafi, amma yana da hannu da ido: in an buɗe kwando, tukunya ta kasance ba ta taɓuwa da hannu tsirara, tururi kuma ya tashi da an ɗaga murfi. In ta yi ɗumi-ɗumi kawai, ko ta wuce awa 5 zuwa 6 a ciki, a mayar da ita bisa wuta ta tafasa sosai kafin a ci. Mai son ajiye abincin sahur tun da dare ta riƙe wannan da kyau. Kuma ba a sa sauran abincin jiya cikin kwando don ya yi ɗumi. Abin da bai tafasa ba, ba ya shiga.

Wa zai kai shi ƙauye

Dubara irin wannan ba ta yaɗuwa da takarda, don mace ba za ta yarda wake ya nuna ba wuta ba sai ta ɗanɗana. Kuma tana da gaskiya: in gwaji ya ƙi, ita ce za ta fuskanci maigida da yara da ɗanyen wake, ba malamin da ya kawo shawara ba. Saboda haka gwajin farko bai kamata a yi shi da abincin gidan kowa ba.

Wurin yinsa yana nan. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jahar Maraɗi a 1991, suna taruwa kowane mako, suna da akwati, kuma a cikinsu akwai masu saƙar kaba da masu ɗinki waɗanda za su iya mayar da kwandon sana'a. Azuzuwan yaƙi da jahilci suna da allo da masu son abin lissafi. Malaman gona da na gandun daji da ungozomomi suna shiga ƙauyukan da mota ba ta kai ba. Abin da ake bukata daga magajin gari ko shugaban wata ma'aikata bai wuce tiya biyu ta wake da ɗaurin itace biyu ba.

A raba waken biyu daidai, a jiƙa su dare ɗaya. A ɗora tukunya biyu iri ɗaya, kowace da ɗaurin itacenta, a gaban jama'a. Ɗaya a bar ta bisa murhu har ta nuna, ɗaya a sauke ta bayan minti 20 a sa cikin kwando, a ɗaure bakinsa, a ba wata dattijuwa ta zauna kusa da shi don kada a ce an yi wani abu a ɓoye. In azahar ta yi a buɗe, kowa ya ɗanɗana daga tukunya biyun, sa'an nan ɗaliban aji su ƙirga itacen da ya rage a kowane ɗauri, su rubuta bisa allo. Kafin a watse a nuna wa mata yadda ake fitar da matashin da shimfiɗar a shanya su a rana bayan kowace dahuwa, don tururi yana jiƙa su, ƙaiƙayin da ya jiƙe kuwa ba ya riƙe zafi, kuma gara tana sonsa.